Tsani Ɗaya, Aljihu Biyu

Duk wanda ya shekara a Kurmin Mashi ya san yadda damina take sallama. Iska take aikowa kafin ruwa. Wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, bayan zafi ya gasa mutane son ransa, sai ka ga gabas ta haɗe rai bayan la'asar, ƙura da ledoji sun tashi sama, mata suna rige-rigen kwashe shanya. Kafin ɗigon farko ya taɓa ƙasa an riga an ji ƙarar kwano yana ɓallewa daga katako a wani gida. Gari na wayewa sai ka tarar da falle ɗaya a rataye kan wayar lantarki, wani a tsakar gidan maƙwabci, mai gida kuma yana tsaye a waje da hannu a ƙugu yana kallon sararin sama ta cikin ɗakinsa. A makon nan kafinta sarki ne, mai sayar da kwano kuma ba ya ragi.

Kwana biyu bayan irin wannan dare ɗan wani aminina ya same ni a ƙofar gida. Ya karanci ƙididdigar gini a Poli ta Kaduna, ya yi hidimar ƙasa, ya samu shiga wani ƙaramin kamfani na masu tantance asara, aikin da na yi shekaru ina yi kafin gwiwa ta hana ni hawa tsani. Bayan gaisuwa ya yi ta murza hula a hannu, sannan ya ce, "Baba, wata shawara na zo nema. Aikin nan namu ka san shi, sai a yi wata biyu ba a kira mu ba. To akwai wani Alhaji mai sayar da kwano da ya ce in riƙa kawo masa masu saye, yana ba ni kamasho a kan kowane bandir. Na ga ai rufin nan shi nake hawa kullum, na san shi ciki da bai. Ko akwai laifi?"

Na ce masa ya zauna. Amsar da na ba shi ta yi tsawo, kuma tun da na san ba shi kaɗai yake da wannan tambaya ba, na ga ya kamata in rubuta ta domin ku 'ya'yana masu shigowa wannan aiki da makamantansa.

Da yawa ba su ma san akwai sana'ar ba. A ofis ana ce mana ajasta. Idan gobara ta ci shago, ko iska ta kwashe rufin makaranta, ko ambaliya ta shiga sito, kuma dukiyar tana da inshora, kamfanin inshora ba ya ɗaukar maganar mai dukiya haka kawai ya biya. Sai ya aiko da wani daga waje, wanda ba ma'aikacinsa ba ne, ya je ya gani da ido: me ya faru, me ya jawo shi, yarjejeniyar ta ƙunshi irin wannan asara ko ba ta ƙunsa ba, kuma nawa ne zai mai da mutum inda yake kafin abin ya same shi. Kamfanin ne ke biyan ajasta ladansa, amma ana sa ran alƙalaminsa ya tsaya a tsakiya. Hukumar kula da inshora, NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke ba da lasisin yin aikin, masu sana'ar kuma suna da ƙungiyarsu, ILAN, tun 1981.

Ajasta mai zaman kansa yana ci ne idan wani ya yi asara. Ba daɗin faɗi, amma haka yake. A Arewa kuwa asara tana da yawa, mai inshora ne babu. Kuɗin da ake zubawa a inshora a duk Najeriya bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara ba, kuma galibinsa a Legas yake. Abin da talaka ya sani shi ne takardar mota da ake nuna wa jami'ai a hanya, wadda ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a Maris 2016 ta lashe dubban shaguna, ta babbar kasuwar Sakkwato ta zo a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na shekarar, ta kasuwar Monday a Maiduguri a Fabrairun 2023. A duk waɗannan, abin da aka fi ji shi ne jaje da gudummawar gwamnati da ta masu hali, domin mafi yawan 'yan kasuwar ba su da wata takarda da za a kira ajasta a kanta. Dokar inshora ta 2003 ta wajabta inshora a kan gine-ginen da jama'a ke shiga da kuma benen da ake ginawa idan ya wuce hawa biyu, amma kowa ya san yadda aka bi ta. An sa hannu a sabuwar doka a 2025, muna jira mu ga ko za ta sauka daga takarda. Kafin nan, aikin da ke zuwa hannun yaro irin ɗan aminina shi ne na makarantu masu zaman kansu, da sito-sito, da masana'antun Kakuri da suka rage, da gidajen da banki ya tilasta wa inshora saboda bashi.

Saboda haka ban ga laifinsa ba da ya nemi abin yi. Mu jikokin 'yan cin rani ne. Kakanninmu suna gama girbi su rataya jaka su nufi birni, wani ya yi ga-ruwa, wani dako, wani yankan farce, hadari na haɗuwa su koma gona. Ba wanda ya taɓa ce musu sun zubar da mutunci. Zaman banza shi ne abin kunya. Sai dai ɗan cin rani ba ya sayar da irin shukarsa don ya yi kuɗin mota, kuma irin shukar ajasta shi ne a yarda da abin da ya rubuta.

Wannan tambaya ta ɗan aminina ba a Kaduna aka fara yin ta ba. A Amurka aikin ajasta sana'a ce babba. Akwai ajastoci masu bin bala'i, waɗanda ke jiran lokacin guguwar teku, daga Yuni zuwa Nuwamba, ko ƙanƙarar da ke farfasa rufi a jihohi irin su Texas da Oklahoma. Idan abu ya faru, kamar guguwar Katrina a 2005, sai a kwashe su zuwa can su yi makonni suna hawa rufi daga safe zuwa dare, su tara kuɗi. Idan shekara ta zo lafiya kuma sai aljihu ya bushe. Su kuwa kamfanonin rufi suna zawarcinsu, domin sun san harshen inshora, sun iya manhajar Xactimate da ake lissafin gyara da ita, sun san abin da kamfani zai amince da shi da wanda zai ƙi. Mutum ɗaya sai ya zama yau shi ke auna ɓarna, gobe shi ke ƙwanƙwasa ƙofa yana tallar sabon rufi. Abin ya kai jihar Texas ta yi doka a 2013 da ta hana wanda ke sana'ar rufi, ko sayar da kayansa, ya tantance ɓarnar rufi a madadin kamfanin inshora, ta kuma hana ɗan kwangila ya zama wakilin mai gida wajen neman diyya a kan ginin da shi zai gyara. A 2019 suka ƙara wata da ta hana ɗan kwangila yafe wa mai gida kason da yarjejeniya ta ce shi zai biya daga aljihunsa, domin an gane cewa wannan yafiya a cikin kumbura lissafi ake fanshe ta. Mutanen da ke da kotuna da kwamfutoci da masu bincike sun ga ba za su iya dogara da kyakkyawar niyyar mutum ba, sai da suka raba masa hannu biyun da doka. Mu da sau da yawa ba wanda zai sake hawa rufin bayanmu fa?

Bari in nuna muku inda alƙalami yake lanƙwasa, domin ba a lanƙwasa shi da babbar ƙarya. A ƙananan wurare ne, inda kowace amsa take da hujja.

Ka hau rufin makaranta, iska ta ɗauke falle talatin, wasu ashirin sun lotsa amma suna nan. Lotsattsen nan a miƙe shi a mayar, ko a sauya? Duka biyun za ka iya kare su a rahoto. In ba ka da komai a ciki, za ka duba ramin ƙusa, ka ga ko ya yage, ka yanke hukunci. In kuwa kana da kamasho a kan kowane bandir, kafin ka sunkuya idonka ya riga ya ga yagewa. Ba ka yi niyyar cuta ba, ido ne ya bi aljihu.

Sai maganar sanadi, wadda ta fi wannan nauyi. Inshorar gobara ba ta biyan ɓarnar iska sai an faɗaɗa ta ta haɗa da iska da ambaliya. Ko an faɗaɗa, ba ta biyan tsufa da sakaci. Sau da yawa in ka ɗaga kwano za ka tarar gara ta cinye katakon tun bara, ko kafinta bai ɗaure rufin da langa-langa a jikin bulo ba, ya ɗora shi kawai kamar hula. Iska ta zo ta ƙarasa abin da gara ta fara. Ajasta na gaskiya zai rubuta abin da ya gani, ko da mai makaranta zai ɓata rai. Amma in ka rubuta gara, ba diyya. In ba diyya, ba cinikin kwano. In ba ciniki, ba kamasho. Ka ga an ɗaure maka hannu tun kana ƙasa.

Akwai kuma ragin tsufa. Ƙa'idar ita ce a mai da mutum inda yake, ba a ɗaga shi sama da nan ba, sai in yarjejeniyarsa ta ce sabo a madadin tsoho. Wanda ya yi shekara ashirin da kwanon zinki mai tsatsa ba a biya masa dogon kwanon alminiyam mai launi. In yana so ya cika daga aljihunsa. Mai sayarwa kuwa dogon kwanon yake so a saya, nan ribar take. Ga kuma abin da ya fi ci wa mutane rai tun da aka saki naira a Yunin 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabo: mutum ya yi wa gininsa inshorar miliyan goma shekarun baya, yau ginin ya kai miliyan ashirin, bai sabunta ba. A ƙa'ida rabin asararsa za a biya, domin rabin dukiyar ya ba da amana. Ranar da za ka gaya wa mutum wannan, za ka so ƙasa ta tsage. Ajasta mai kwano a shago yana da hanyar kauce wa wannan rana: ya rage darajar ginin a takarda, ko ya ninka yawan ɓarnar, kowa ya tafi yana murmushi. Har tsohon kwanon da aka sauke yana da tasa jarrabawar, domin in kamfani ya biya sabo, tsohon nasa ne, kuma 'yan gwangwan da maƙeran Panteka ba sa barin ƙarfe ya kwana.

Ba daga littafi na san waɗannan ba. Ina matashi, a wata damina, aka tura ni wani sito da iska ta yaye. Mai siton dattijo ne mai fara'a, ya ce bai san kowa a harkar rufi ba, ko zan haɗa shi da wani? Na ba shi sunan wani abokina mai shago. Ban nemi komai ba. Bayan mako uku abokin ya zo gida da ambulan ya ce na goro ne, na karɓa, na ce a raina ai na riga na miƙa rahoto, me ya rage? Da damina ta zagayo aka sake tura ni wani aiki a kusa da wurin, sai na kama kaina a kan tsani ina ƙirga bandir nawa abokina zai sayar, tun ban ciro ma'auni daga jaka ba. Abin da ya fi wannan muni ya zo daga baya: rufin siton farko ya fara yoyo, domin kwanon da aka kawo bai kai kaurin da aka rubuta a rasit ba. Dattijon bai je wurin mai shago ba, wurina ya zo. Ya ce, "Ɗana, ai kai ka ce in je wurinsa." Maganar ta kai ofishin da ke ba mu aiki. Ba a kore ni ba, ba a ma kira ni an tambaye ni ba. Waya ce kawai ta daina ƙara, har kusan shekara biyu. A wannan sana'a ba a yi maka faɗa, mantawa ake yi da lambarka.

Malamanmu suna ba da labarin Abdullahi ɗan Rawaha, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake aikawa Khaibara ya ƙiyasta dabino tun yana kan bishiya domin a raba amfanin. Imam Malik ya kawo shi a Muwaɗɗa. Manoman wurin suka tara masa kayan adon matansu don ya sassauta ƙiyasi, ya ƙi karɓa, kuma ƙin da ya yi bai sa ya tsananta musu a lissafi ba. Wannan kashi na biyu shi ne ya fi tsaya mini a rai. Ajasta yana iya karkata ta ɓangare biyu. Wani yana kumbura asara don kamasho, wani yana matse ta don kamfani ya ji daɗinsa ya ƙara ba shi aiki. Duka biyun sun sayar da ma'auni, mai saye ne kawai ya bambanta.

Na san abin da wasunku za su ce: ai kuɗin kamfani ne, su ma ba sa son biya. Gaskiya ne akwai masu jan ƙafa, kuma wannan na cikin abin da ya sa mutanenmu suka tsani inshora. Amma diyya daga tukunyar da kowa ya zuba take fitowa, in ta yoye sai a ƙara wa kowa kuɗin zubi. A tsarin takaful, wanda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji a 2013 kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suke yi, abin ya fi fitowa fili, domin asusun na mahalarta ne, rarar da ta saura kuma ana raba musu. Falle ashirin da ka ƙara a rahoto daga rabon wata mai shagon ɗinki ka ciro shi, wadda ta daure ta shiga tsarin saboda an ce mata babu cuta a ciki.

To me zan ce wa yaro ya yi da watanninsa na zama? Ban hana shi kusantar rufi ba, na ma tura shi. Na ce ya bi wani tsohon kafinta ya yi masa yaron aiki, ya koyi yadda ake kafa katako, tazarar da ake bari, yawan haɗin da falle ke hawa kan falle, dalilin da ya sa rufin da ya miƙo baki da yawa yake fara tashi. Ya sayi ɗan ma'aunin kauri ya riƙa yawo da shi, domin a kasuwa ana sayar da kwano mai kaurin 0.45 da sunan 0.55, kuma ido ba ya rabewa. Ajastan da ya taɓa riƙe guduma ba a yi masa wayo a lissafi. Yana da takardar ƙididdigar gini, yana iya yi wa masu sabon gini lissafin kaya a biya shi ladan aikinsa a fili. Yana iya shiga kasuwa ya koya wa 'yan tireda yadda ake ajiye rasit da littafin kaya a wani wuri daban da shago, domin rabin wahalar diyyar gobara rashin shaida ne. Yana iya zama ya karanta jarrabawar cibiyar ƙwararrun inshora, CIIN, wadda ba ta ciyuwa a lokacin da aiki ya yi yawa. In kuma noma ne ko kiwon kaji ko ɗinki, duk wanda ba ya shan ruwa daga alƙalaminsa, bismilla.

In kuwa ya ga cinikin kwanon ne ya fi masa, to ya shiga da ƙafa biyu, sana'a ce mai albarka, mai gaskiya a cikinta ma nemansa ake yi. Sai ya ajiye alƙalamin. Wanda ya ce lalle sai ya haɗa, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya sanar da kamfaninsa a rubuce tun kafin a ji a bakin wani, kada ya sayar wa duk wanda ya taɓa auna wa asara ko da bayan shekara ne, kada ya ba da sunan shago ɗaya in an tambaye shi, kuma in fayil ya zo da takardar farashi daga shagon da yake hulɗa da shi, ya mayar ya ce a ba wani. Na faɗi wannan ne don a ce na faɗa, amma a gari irin Kaduna, inda dillalan kwano suka san juna kuma labari ke tashi daga Kawo ya isa Tudun Wada kafin azahar, ban ga yadda mutum zai riƙe waɗannan sharuɗɗa ya kuma samu kamashon da zai ishe shi ba. Taura biyu ba ta taunuwa.

Ku da ba ajastoci ba kada ku ce ba da ku ake ba. Wanda aka ba rubuta sunayen waɗanda iska ta yi wa ɓarna don tallafin hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, alhali ƙaninsa ne zai kawo kwanon, da makaniken da ke duba mota yana da shagon kayan gyara a bayan gareji, da injiniyan da ke duba aikin ɗan kwangilar da ya saya masa taya, duk tsani ɗaya suke hawa.

Yaron ya yi shiru yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Baba, to Alhajin fa? Na riga na ce masa zan yi tunani, kuma abokin mahaifina ne." Na ce wannan mai sauƙi ne, ya je da kansa, kada ya aika saƙon waya, ya gaishe shi, ya ce aikin ofis bai ba shi dama ba, ya kuma roƙe shi alfarma ɗaya: ya bar shi ya riƙa zuwa shago yana ganin yadda ake yanka dogon kwano da yadda ake lissafin mita. Alhaji zai ji an girmama shi, shi kuma ya samu makaranta kyauta.

Ya tashi zai tafi, sai ya tsaya ya ɗaga kai ya dubi rufin zaurena, inda wani falle ya ɗan ɗaga baki tun daren iskar. Ya ce ƙusa uku ne suka fita, katakon lafiya lau yake, ba sai na sayi komai ba. Washegari da sassafe ya zo da guduma da aron tsani.